Mai Hoton Ƙashi Ya Koyi Ɗaukar Fuska

Duk unguwar Likita ake ce masa, alhali bai taɓa rubuta wa kowa ko ƙwayar ciwon kai ba. Ya yi ta gyara wa mutane har ya gaji ya ƙyale su. Aikin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana yi shi ne ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji, a wani ɗaki marar taga da ke can ƙarshen barandar asibiti, mai ƙatuwar ƙofa da jar fitila a samanta. Abokan aikinsa kuwa Kar-ka-motsa suke kiransa, don a cewarsu ko gaisuwa bai furta ta a rayuwarsa kamar yadda ya furta wannan kalma ba.

Mutum ne mai tsari har abin ya so ya yi yawa. Alƙalami uku ne a aljihun rigarsa, kowanne da aikinsa. In ya dube ka, kafin ya ga fuskarka ya riga ya lura cewa kafaɗarka ta hagu ta fi ta dama sauka. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: ba a maimaita hotonsa. Zai tsayar da marar lafiya ƙyam, ƙirji manne da allo, haɓa a sama, ya ce ja numfashi, riƙe, kar ka motsa, sannan ya koma bayan bangon dalma ya danna sau ɗaya. Hasken na'urar hoton ƙashi yana da illa in ya yi yawa a jiki, don haka a wurinsa ma'aikacin da ya danna sau biyu ya ci amanar marar lafiya.

Matarsa ita ce kishiyar duk wannan hali. Malama, shugabar makarantar firamare ta shekara da shekaru, mace mai baki kamar rediyo. Ita take yin hirar gidan ta mutum biyu. In baƙi sun zo ita za ta ba da labari, ita za ta yi dariyar, shi nasa gyaɗa kai ne da miƙa kofin shayi. Tsokanarsa kuwa ta mai da ita abincin yau da kullum. Takan ce ranar da aka fara haɗa su, ba idonta ya kalla ba, ƙashin wuyanta ya yaba. Bai taɓa musantawa ba, don gaskiya ce.

Wata huɗu da yin ritayarsa, wata safiya tana zuba shayi, butar ta suɓuce daga hannunta. Da ya ɗago ya ga bakinta, bai buƙaci kowa ya faɗa masa ba. Shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, hannu ya dawo sai ɗan nauyi, magana ma ta dawo a hankali. Amma gefen bakinta na hagu ya ɗan zube, fatar idon wannan gefen ta sauko, kuma haka suka tsaya.

Daga nan Malama ta daina fita. Ta juya madubin ɗaki ya fuskanci bango. In Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aure a wata ƙasa mai nisa, ta kira ta waya mai hoto, sai Malama ta ajiye wayar a kan cinya, Auta ta yi ta hira da fankar silin. Da Auta ta haihu, abu ɗaya ta roƙa.

"Baba, hoton Mama nake so in rataye a ɗaki, yarinyar nan ta tashi da sanin fuskar kakarta. Ga kyamarar da na aiko maka tana zaune a kwali. Ai kai mai hoto ne."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta cuce shi, don ya yarda da ita. Sati biyu ya yi yana lallashin Malama kafin ta amince. Ya zaɓi tsakar rana, don a hankalinsa yawan haske shi ne kyan hoto. Ya tsayar da ita jikin farar katangar tsakar gida, fuska a saiti, kafaɗu daidai, haɓa a sama. Bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa ba tare da ya shawarce shi ba, ta ja numfashi ta riƙe. Ya ja da baya har sai da ya ji tankin ruwa ya kare rabin jikinsa, ya danna sau ɗaya, ya ce an gama.

Hoton ya fito tar. Babu abin da ya ɓoye. Rana ta matse idon dama, ta haƙa ramuka biyu a ƙarƙashin gira, ta ja layi baƙi daga gefen hanci zuwa inda bakin ya zube. Shi kuwa bawan Allah, da zuciya ɗaya, ya miƙa mata kyamarar, ya zaro alƙalami ya nuna gefen bakin a ɗan allon kyamarar.

"Kin gani, komai ya fito. Nan ma an samu ci gaba in aka kwatanta da watan farko."

Malama ta daɗe tana kallo. Ta miƙa masa kyamarar a hankali.

"Ka iya aikinka, Malam," ta ce, ta shige ɗaki.

Da faɗa ta yi masa da ya fi sauƙi. Tun daga ranar ko tsakar gida ta daina zama. Abin da ya fi cin ransa shi ne yanzu har a gabansa take rufe baki. In za ta yi magana sai ta ɗora tafin hannu a kai, in za ta ci abinci sai ta juya masa baya. Matar da suka yi shekara talatin da takwas tare tana jin kunyar fuskarta a gabansa, kuma shi ya jawo. Ya goge hoton, amma gogewar ba ta gyara komai ba. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron kada a ce haka za su ƙarasa.

Da yake shi mutum ne da bai san wata hanyar ba da haƙuri ba sai gyaran aiki, ya rataya kyamara ya fita titi neman inda kuskuren yake. Ya ɗauki bakanike a gaban garejinsa, ya ɗauki mai aski, ya ɗauki mai kantin kusurwa. Kowa ya tsaya masa saboda girmansa, kowa ya ja numfashi ya riƙe. Mai aski ya dubi nasa ya ce, "Likita, wannan ai sai dai a manna a ofishin 'yan sanda a rubuta ana nemansa." Bakanike ya tambaya ko an ga wani abu ne a ƙirjinsa.

Duk abin nan mai ɗinkin da ke tsallaken titi tana kallo daga kan kekenta. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, ba ta iya ɓoye dariya ba, ba ta kuma taɓa ƙoƙarin koya ba. Duk wadda ta ɗinka wa kaya sai ta ɗauke ta hoto da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, kuma matan sukan fito kamar ba su da wata damuwa a duniya. Kwana uku Likita yana wucewa ta gaban shagon yana haɗiye girman kai, ran na huɗu ya yi sallama.

Ta duba hotunansa ɗaya bayan ɗaya, tana cije leɓe.

"Baba, wani laifi mutanen nan suka yi maka?"

"Hasken ya isa. Komai ya fito."

"Shi ne matsalar ai. Zo nan."

Ta fito da shi tsakiyar rana ta ce ya dunƙule hannu ya ɗaga. Ya ga inuwa baƙa ƙirin tsakanin yatsunsa. Ta ja shi zuwa bakin rumfar shagon, daidai inda inuwa ta fara, ta juya hannun ya fuskanci sarari. Inuwar ta yi laushi, fatar ta fito da launinta. Ta ce fuska ma haka take, kada ya kai mutum cikin rana kuma kada ya cusa shi can cikin duhu, ya tsayar da shi a bakin inuwa yana kallon waje. In kuma dole sai a fili, ya jira bayan la'asar lokacin da rana ta kwanta, ya bar ta ta zo daga gefe ko daga baya. Ta ɗauko wani farin yadi ta riƙe a ƙasan hannunsa, ya ga haske ya taso ya cike gefen da ke duhu. Ya tsaya yana juya dunƙulallen hannu a bakin titi kamar mai shirin dambe, har masu wucewa suna waiwaye.

Sauran darussan sun fi wuya, don ba na haske ba ne, na hali ne. Ta hana shi manna mutum da bango, ta ce taku uku ko huɗu gaba, bangon ya dushe a baya ya daina gasa da fuska. Ta hana shi ɗaga wa mutane haɓa. Ranar da ta ga ya saita bakanike sannan ya zagaya bayan turken wutar lantarki kafin ya danna, sai da ta zauna a kan benci don dariya.

"Baba, me kake gudu? Harbi yake yi?"

Shi kansa bai san yana yi ba. Ya dawo fili.

"Danna kuma," ta ce.

"Na riga na danna."

"Ƙara. Ƙara goma."

Yatsansa ya ƙi. Ya yi mata bayanin illar maimaita hoto, da gaske yake kuma. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce masa wannan hasken na Allah ne, tun safe yake zuba a kan bakanike bai yi masa komai ba. Ta ƙara da abin da ya kwana yana juyawa a ransa: a wancan ɗakin na asibiti an koya masa neman abin da ya karye ne, shi ya sa duk wanda ya ɗauka yake fitowa kamar mai jiran sakamako.

"Kuma ka daina ce wa mutane su riƙe numfashi. Yi musu hira."

"Me zan ce musu?"

"Kai ba ka ce komai ba. Tambayi mutum abin da ya sani, shi zai yi maka hirar."

Ya gwada a kan bakanike. Ya zaunar da shi a bakin ƙofar gareji, ya tambaye shi wane inji ne ya fi ba shi wahala a rayuwa. Bakanike ya manta da kyamara, ya shiga labarin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ta yi wata biyu tana raina masa hankali, hannuwa suna yawo, ido yana ƙyalli. Likita ya danna, ya runtse ido ya sake dannawa, ya ga sama ba ta faɗo ba, ya ci gaba. A cikin ashirin da ya ɗauka sha bakwai shirme ne. Uku kuwa bakanike ne sak, har da ɗan karkata kan da yake yi in zai yi ƙarya.

Haka ya yi sati shida. Bai ce wa Malama komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sau ɗaya ya yi wa mai ɗinki tambayar da ta kawo shi tun farko, yana kallon ƙasa: in mutum yana da gefen fuska da ba ya so a gani fa? Ta daina taka keke. Ta san wa yake nufi, duk titin an sani. Ta nuna masa yadda ake ɗan juya fuska a bar gefe ɗaya ya faɗa inuwa, ta ce kowa yana da gefen da ya fi so. Sannan ta ce ya gaida Malama, ya ce mata awonta yana nan a littafi ba a goge ba.

Bai iya roƙon Malama ta sake tsaya masa ba, ba shi da bakin. Abin da ya yi shi ne ya wanko hotunan mutanen titi goma sha biyu, ya baje su a kan teburin falo, ya ajiye jan alƙalaminsa a gefe, ya fita. Ya san matarsa. Ba ta taɓa ganin aikin ɗalibi a baje da jan biro kusa ta wuce ba. Da ya dawo ya tarar an juya kowane hoto an ba shi maki a baya. Mai aski huɗu bisa goma, an rubuta kunne ya yanke. Bakanike bakwai. Babu wanda ya samu takwas, kuma bai yi mamaki ba, don a tarihin makarantarta ma ba a cika samu ba.

Washegari bayan la'asar ta fito da hotunan bakin baranda, wai falon ya yi duhu ba ta ganin na mai kanti da kyau. Wannan ne fitowarta ta farko tun ranar katanga. Ta zauna a kan kujerar roba daidai inda inuwar rufi ta ƙare. An shanya farin zanin gado a igiya, rana tana dukansa daga gefe, shi kuma yana maido da hasken a fuskarta a hankali. Likita ya zauna a kan matakala da kyamara a cinya. Bai ɗaga ta ba.

"Mai kantin nan," ya ce, "ɗalibinki ne, ko?"

"Ɗalibina?" Ta ce ta bayan tafin hannu. "Wanda ya maimaita aji uku sau biyu? Yanzu shi ne yake danna na'urar lissafi yana yi wa mutane kallon jahilai."

"Me ya hana shi wucewa?"

Ai kuwa ta shiga labari. Yadda ya ɓoye takardar sakamakonsa a cikin takalmi, yadda uwarsa ta zo ofis da takalmin a hannu. Labarin yana buƙatar hannu biyu, ɗaya na nuna takalmi ɗaya na nuna uwar, don haka tafin da ke kan baki ya sauka ba ta sani ba. Ya daɗe bai ga fuskarta gaba ɗaya tana motsi ba. Ya san zai iya dannawa a sace. Ya kuma san in ya yi haka ya gama da kansa.

"Malama, in ɗauka?"

Hannun ya koma kan bakinta. Labarin ya tsaya.

"Ai ka riga ka ɗauka rannan. Ba a maimaita hotonka."

"Rannan ban iya ba."

Ta dube shi da kyau. "Me ka ce?"

"Na ce ban iya ba. Ba ke ba ce a hoton nan. Rashin iyawata ce, kuma na ɓata miki rai. Ki yafe mini."

Ta sunkuyar da kai. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ya ɗauka kuka ne, ashe dariya ce take ƙoƙarin dannewa.

"Shekara talatin da takwas ina jiran in ji ka ce ba ka iya wani abu ba, sai yau da babu shaida." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ɗauka. Amma ni zan zaɓa, kuma wanda na ce a goge, a gabana za a goge."

Ya matso kusa, bai nemi abin laɓewa ba. Da farko ya zagaya ta damanta kamar yadda aka koya masa, ya bar gefen hagu a inuwa, ya ɗauki kamar goma. Ita kuma ta koma kan mai kanti, daga nan ta wuce kan mai aski da kunnensa, daga nan ta sauko kan shi kansa Likita da yadda yake tsuguno kamar mai ciwon baya. Tana magana tana juyowa, ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tsarinsa duk ya rushe. Ya bi ta kawai yana dannawa har rana ta sauka daga kan zanin gadon.

Ta karɓi kyamarar ta sa tabarau. Ya tsaya a gefe hannu a baya, bakinsa a rufe, alƙalamansa a aljihu. Ta wuce waɗanda ido ya rufe, ta ce goge, ya goge. Ta zo kan goman farko, masu kyan gani, waɗanda babu mai cewa wani abu ya taɓa samunta. Ta kalle su ɗaya bayan ɗaya.

"Sun yi kyau," ta ce. "Amma rabin mace ce. Jikata za ta zo wata rana ta nemi sauran rabin."

Ta ci gaba da wucewa, sai ta tsaya. A wannan fuskarta tana kallon kyamara sosai, yatsa a ɗage tana yi masa faɗa, bakin a karkace da dariya, fatar idon hagu a sauke, idanun biyu kuwa cike da tsokana. Zubewar bakin tana nan, duk mai ido zai gani, sai dai ba ita mutum yake fara gani ba. Malama ta daɗe a kansa, kamar yadda ta daɗe a kan na farko.

"Wannan kam na san ta," ta ce a hankali. "Aika wa Auta."

Ya zauna a kan matakala. Wata irin ajiyar zuciya ta fito masa wadda bai san yana ɗauke da ita ba. Sauƙi ne ya sauko masa, sauƙi tsantsa. Ya nemo lambar Auta ya aika mata.

"Mayafin nan ya tsufa," Malama ta ce, tana jan gefensa. "Dubi yadda ya fito. Mai ɗinkin nan ba ta rufe ba tukuna, ko? Ɗauko mini takalmina."

Ya shiga ɗaki da sauri. Bai same su a bakin ƙofa ba, bai same su a ƙasan durowa ba. Sai da ya durƙusa ya leƙa can ƙarƙashin gado ya hango su a kusurwa, inda aka tura su watanni da yawa da suka wuce, gizo-gizo ya yi saƙa a cikin na hagu. Ya jawo su, ya zauna a ƙasa ya ɗora su a cinya, ya shiga goge su da hannun farar rigarsa. Hawaye suna ɗiga a kan fatar, yana haɗawa da su yana gogewa.

"Malam," ta kira daga baranda, "ɗinka takalmin kake yi ne?"